Muhawara: Yaron da Ya Ari Halin Jarumin Fim Ya Zubar da Nasa Ne?

Malam Sabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Yaran garin nan sun koma 'ya'yan fim. Ka kira yaro da sunan da aka yanka masa rago ya yi banza da kai, sai ka kira shi da sunan wani jarumin fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa sannan ya waiwayo. Aski irin nasa, taku irin nasa, har kallon da yake yi wa babba. Ni a wurina duk wanda ya ari halin mutumin da babu shi a duniya, to ya zubar da nasa. Mai ja ya ja.

Nura mai caji: Wa alaikumus salam. Malam, a gafarce ni, ina da ja. A shagona ake tura finafinan nan a waya, na san masu kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya wuni a fadama yana ban ruwa, ko ya kora shanun wani zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis a sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Da dare ya ga talaka irinsa ya tsaya gaban azzalumin mai kuɗi bai sunkuyar da kai ba. Abin da yake ɗauka ke nan, cewa shi ma mutum ne. Aski kuwa, sati biyu gashi ya tofo.

Malam Sabo: Nura, jarumin nan mari yake yi kafin ya yi magana. Shi ma darasi ne?

Nura mai caji: Wannan kam ban musa ba.

Kawu Ado: Ku dakata, yara. Sabo, kwaikwayo ba yau aka fara shi ba a ƙasar Hausa. A tashe yaro yakan manna gemun auduga ya zama tsoho. A kalankuwa, bayan amfanin gona ya shiga rumbu, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarai, kuma a bi umarninsu. Wanda ya riƙe alƙali a tsaranmu, har ya bar duniya shi ake kira in rikicin iyakar gona ya tashi. A wasa ya fara gane yana da wannan baiwa. Mu kanmu da muke zuwa cin rani Kano mun sha kallon Indiya a Plaza da Orion. Sai dai mu muka raɗa musu suna: Dharmendra ai Sarkin Ƙarfi muke ce masa. Kuma in an tashi daga silima kowa ya koma ga garuwarsa ko kwandonsa. In kalankuwa ta watse, sarki ya warware rawani ya ɗauki fartanya. Abin da nake tsoro yanzu shi ne wasan ba ya watsewa. Yana cikin aljihun yaro, da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Malam Sabo: Allah ya ƙara girma, Kawu. Ai ka faɗi tawa.

Kawu Ado: Rabinta na faɗa, Sabo.

Malama Hadiza: Kawu, Malam, ina neman izini in sa baki, don ba a taɓo 'yan mata ba. Wata ɗalibata, da ba ta iya ɗaga ido a aji, ta zo ta ce min ita ma'aikaciyar jinya za ta zama. Na tambaye ta inda ta samo wannan buri, ta ce a wani shiri mai dogon zango ta ga wata 'yar ƙauye ta yi karatu ta dawo tana karɓar haihuwa. Daga ranar ta kama lissafi da kimiyya hannu biyu, yanzu hankalinta yana kan makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu. Ku gaya min, a garin nan wace mace ta gani da farar riga da za ta yi koyi da ita? Babu. Wadda aka ƙirƙira a takarda ita ta nuna mata hanya, kuma yarinyar nan ba ta zubar da komai nata ba. Kunyarta tana nan, sallarta tana nan.

Bala direba: Malama, ke kin samu ta kirki. Ni ƙanwata ta ƙi manomi mai rufin asiri saboda ba ya magana irin ta samarin fim, kuma wai lefensa ba zai cika falo ba. Mu da ko falon babu.

Malama Hadiza: Yaya Bala, wannan ciwo ne na gaske, kuma na gan shi a gidaje da yawa. Fim yana nuna gidan sama da mota, ba ya nuna shekarun da aka yi ana tara kuɗinsu. Yarinya ta auna kanta da wannan, dole ta raina ɗakin uwarta. Amma wa ya taɓa zama da ita ya ce mata gidan nan aro aka yi don ɗaukar hoto, kayan jikin jarumar ma wani lokaci na aro ne?

Malam Sabo: To ina amfanin Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a Kano tun 2001?

Nura mai caji: Malam, ikonta a Jihar Kano yake, mu kuwa a Jigawa muke. Ko a can ɗin, abin da ke shigowa ta YouTube da TikTok daga wata ƙasa ba ya bi ta teburinta. Kuma ka duba marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa. Tun 2014 ya rasu, amma har gobe ana kiran mai barkwanci Ibro a ƙauyukanmu, ba wanda ya ce ya lalace. Don namu ne shi ya sa ba mu ji zafi ba?

Malam Sabo: Amin. Ibro ya yi shiga irin tamu, ya yi magana irin tamu, yaron da ya kwaikwaye shi bai fita daga gida ba. Na karɓi zancen ɗalibar Malama, amma ban janye ba a kan masu ɗaukar wuƙa da zafin kai su ce jarumta ce. Mutum ɗaya ya ji rauni a dandali saboda wannan, ya isa abin damuwa.

Kawu Ado: To Nura, tunda a shagonka suke taruwa, ka shimfiɗa mana tabarma ranar Juma'a bayan isha'i. Ni da Sabo za mu zauna mu kalli ɗaya tare da su daga farko har ƙarshe, sannan mu tambaye su me suka gani a jikin mutumin. Hadiza, ke kuma ki yi haka da 'yan matan a islamiyya.

Malam Sabo: Zan zo, Kawu. Amma Nura, kada ka zaɓo mana mai sauƙi. Wanda suka fi so za ka sa.