An cire min kuɗin inshorar gida ban ce a sabunta ba, in zan soke kuma wai sai na biya

Baban Nana, Tawa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan harkar inshora ya warware min wannan, don abin ya tsaya min a rai.

Gida gare ni a Yamai, unguwar Bobiyel, ɗaki uku da falo. Da bashin banki na gina shi, kuma sharaɗinsu shi ne sai an yi wa gidan inshorar gobara muddin bashin yana kaina. Kowace shekara farkon Maris ana cire jika 85, wato sefa dubu 85, daga asusun albashina. Bashi ya ƙare cikin Nuwamba, alhamdu lillahi. Ranar 10 ga Janairu na kwaso iyali da kaya kaf muka dawo Tawa saboda canjin wurin aiki, gidan kuma na ba wani malamin makaranta haya. Kafin in taso na buga wa yaron da ke riƙe da takarduna a kamfanin waya, na ce bana ba zan ci gaba ba. Ya ce, "Ba komai Alhaji, an gama."

Ranar 3 ga Maris ina kasuwa ana auna min shinkafa sai ga saƙo a waya: an cire jika 85. Kuɗin da na ware don cikon kuɗin makarantar yara ke nan. Dole na ce wa mai shago ya rage awon.

Da na kira, sai yaron ya haɗa ni da maigidansa. Shi kuma ya ce kwantiragin yana sabunta kansa duk shekara, in ba na so, wata biyu kafin lokaci ya kamata in rubuto takarda. Ya ce in na nace sai an soke yanzu, za su riƙe jika 25 kuɗin sokewa, bayan na kwanakin da suka wuce. Don Allah doka ta ba su wannan? Kuma sai na kama hanyar Konni da Dogon Dutsi har Yamai a kan maganar nan?

Tsohon ma'aikaci, Talaje:

Wa alaikumus salam ƙanena. A irin wannan biro na yi aiki har na yi ritaya, don haka zauna ka ji.

Dokar da ke kan inshora a Nijar ita ce kundin CIMA, wato ƙungiyar da ƙasashen Afirka suka kafa da yarjejeniya don kula da harkar inshora, kuma ƙasashe 14 suke aiki da shi. An sa hannu kan yarjejeniyar a Yawunde a 1992, kundin ya fara aiki a 1995. Ɗauko kwantiraginka ka nemi inda aka rubuta tacite reconduction, wato sabuntawa da kansa in ba a soke ba. In yana ciki, mutumin bai yi maka ƙarya ba a kan sabuntawa, kuma maganar wata biyun tana cikin aya ta 21: mai inshora yana da ikon fita a ƙarshen shekara in ya aika takarda aƙalla wata biyu kafin ranar cikar wa'adi. Naka wa'adin 1 ga Maris, ke nan kafin 1 ga Janairu. Wayar da ka buga ba ta shiga lissafi, sai fa in kwantiragin da kansa ya yarda da ita. Aya ta 22 ta faɗi hanyoyin: ka kai sanarwa biro a ba ka takardar shaida, ko wasiƙa mai rajista ta gidan waya, ko ta hannun ma'aikacin shari'a. Yaron da ya ce maka an gama bai kyauta ba, ya san wannan sarai.

Amma akwai abin da bai gaya maka ba. Su ma doka ta ɗora musu nauyi. Aya ta 14 ta ce kafin wa'adi ya cika da aƙalla kwana 45, dole kamfani ya sanar da kai ranar da kuma kuɗin da za ka biya, da wasiƙar da aka sa hannu cewa an karɓa. Ka tambaye shi ina shaidar. Ka lura dai, adireshin ƙarshe da suka sani za su aika wa, don haka duba abin da ke rubuce a takardunka.

Na biyu, tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, kwantiragi irin naka ba ya aiki sai an biya, kuma an hana kamfani sabunta wanda ba a biya ba. Da kuɗi bai fita ba, da inshorar ta mutu da kanta, babu mai bin ka bashi. To me ya fitar da kuɗin? Izinin cirewa da ka sa wa hannu a banki ranar da ka karɓi bashi. Bashi ya ƙare, izinin yana nan da ransa. Mutane da yawa a nan suke shiga, ma'aikata musamman, don albashinsu ta banki yake bi. Gobe ka je reshen bankinka na Tawa ka janye shi a rubuce, in ba haka ba baɗi ma za ka ga saƙon nan.

Na uku shi ne ƙofarka, aya ta 25. Wanda ya canza mazauni, ko sana'a, ko ya yi ritaya, ko halin aurensa ya canza, yana iya soke kwantiragi in abin da aka yi wa inshora yana da alaƙa kai tsaye da tsohon halin, kuma babu shi a sabon. Wata uku kake da su daga ranar canjin, naka ke nan zuwa wajen 10 ga Afrilu, kada ka yi nawa. Sokewar tana kamawa wata ɗaya bayan sun karɓi takardarka, su mayar maka da kuɗin sauran watannin, kuma ayar ta hana a sa maka diyyar sokewa. Za su yi gardama, su ce gini yana nan inda yake, naka ne har yanzu. Hujjarka tana ƙarfi in an rubuta cewa kai ne mazaunin gidan, da kayan ɗakinka a ciki. Jika 25 ɗin nan kuwa ka ce a nuna maka layin da aka rubuta ta a kwantiragi. In babu, kada ka yarda. In sun ƙi saurarenka, akwai sashen kula da kamfanonin inshora a ma'aikatar kuɗi, can ake kai kuka.

Ƴar Bukoki:

Yaya Baban Nana, Allah ya huci zuciyarka, an ɓata maka, ban musa ba. Amma ni ban goyi bayan ka soke gaba ɗaya ba. Yanzu ne ma gidan ya fi bukatar ta, tunda kana nesa kuma wani ne ke girki a ciki.

Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu. Cikin zafin Afrilu aka maido wuta da tsakar rana, wayar da ke cikin silin ta kama. Silin katako ne, kafin a gama ihu ya zubo a kan gado da akwatunan lefen ɗiyarta. Da bokiti muka yi ta miƙo ruwa ta kan katanga. Da aka kashe, kwanon rufin ya lanƙwashe, plasta tana ɓarewa in ka taɓa. Haya take, mai gidan tsoho ne ɗan fansho, ba shi da inshora, har yau ɗakunan biyu a buɗe suke ba rufi.

In ni ce, cewa zan yi su gyara takardar, a cire kayan ɗaki tunda ka kwashe, a bar gini kawai, a rubuta cewa ɗan haya ne a ciki, kuɗin ya sauka. Kuma ka karanta abin da suka ce ba sa biya. Mutanen Lamorde da Kirkisoye sun ga abin da kogi ya yi a Satumbar 2020. Sau da yawa takardar gobara ba ta ɗaukar ambaliya, ruwan da take nufi na famfo ne in ya fashe. Bobiyel ba bakin kogi ba ne, amma ruwan sama ma yana cin katanga.

Ɗan Adar a Liyon:

Kawu, mu nan Faransa tun 2015 da dokar Hamon ta fara aiki, in ka cika shekara ɗaya kana iya soke inshorar gida duk ranar da ka so, ba a cire maka komai, bayan wata ɗaya shi ke nan. Kafin ita akwai dokar Chatel ta 2005 da ta tilasta musu tunatar da mutum ranar ƙarshe ta sokewa. Ka ambata musu, wataƙila su ji tsoro.

Tsohon ma'aikaci, Talaje:

Ɗana, abin da ka faɗa haka yake a can, amma kada ya kai musu wannan. Dokar Faransa ba ta aiki a Yamai, da ya ambace ta za su gane bai san inda zai kama ba. Lambobin ayoyin da na ba shi sun isa. Maganar Hajiya ta Bukoki kuwa tana kan hanya, har ma akwai ƙari. Dole ne ka sanar da su cewa ɗan haya ne a gidan ko da za ka ci gaba, don in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, suna iya rage abin da za su biya su ce ba haka aka gaya musu ba.

Malamin Wadata:

Ni damuwata daban ce. Da yawanmu banki ne ya sa muka shiga, zuciya ba ta kwanta ba saboda saɓanin malamai a kan inshorar kasuwanci. Tunda bashi ya sauka daga kanka, ka tambayi malaminka, ka kuma bincika takaful, wadda ake tara kuɗi a matsayin taimakon juna. CIMA ta fitar da ƙa'idojinta a 2019. Amma cire wa mutum kuɗi bayan ya ce ba ya so, ko da baki ya faɗa, ni ban ga adalci a ciki ba.

Baban Nana, Tawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba na Talaje kun fitar da ni daga duhu. Daren jiya na zazzage jakar takardu. Kalmomin da kuka ce suna nan a shafi na biyu. An rubuta ni ne mazaunin gidan, har da kayan ɗaki. Na bi layi-layi da yatsa, ban ga jika 25 ba ko'ina. Adireshin kuma akwatin gidan waya ne na tsohon wurin aikina, na kira mai ɗauko wasiƙu ya ce bai sa hannu a kan komai nawa ba.

Da safe na je banki na janye izinin, sun buga min hatimi a kofina. Takardar kamfanin na rubuta ta kofi biyu, na haɗa da takardar canjin wurin aiki da ta haya, gobe zan aika ta da rajista. Hajiya, maganarki ta shige ni, uwargida ma haka ta ce. Na rubuta musu zaɓi biyu: ko a mayar da ita ta gini kawai a dawo min da bambancin, ko a soke bisa aya ta 25 ba tare da an riƙe min komai ba. Baba, wata ɗayan nan daga ranar da na aika ake ƙirgawa, ko daga ranar da ta isa hannunsu?

Tsohon ma'aikaci, Talaje:

Daga ranar da ta isa hannunsu. Shi ya sa ka ce wa gidan waya kana son wadda ake dawo maka da shaidar karɓa. In kana da ƙane a Yamai, ya kai musu kofi ɗaya biro a buga masa hatimi da kwanan wata, ya ɗauko hotonta ya turo maka.