Banki ya turo min tayin katin bashi mai garaɓasa, in nema ko in haƙura?

Maman Sadiq ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar katin bashi. Ni har yau da katin cire kuɗi nake sayayya, abin da ke cikin asusuna shi nake kashewa, in babu in jira albashi.

Bankin da albashina ke shigowa ta cikinsa ya fito da sabon katin bashi, irin wanda ake mayar wa mutum wani kaso na abin da ya kashe, kuma sun turo min saƙo cewa ina cikin waɗanda za su iya nema. Ga abin da tayin ya ƙunsa. Cefane da man mota za a mayar min da kashi 3 cikin 100, sauran sayayya kashi 1. Shekarar farko babu kuɗin riƙe kati, amma daga ta biyu akwai kuɗin shekara, wanda da na auna na ga ya kai kashi ɗaya cikin goma na abin da nake kashewa da kati a wata. Sai tukuicin shiga, wanda ya ninka kuɗin shekarar sau biyu, da sharaɗin in kashe wani adadi cikin wata 3 na farko. Adadin nan daidai yake da abin da na saba kashewa a wata 4. Wanda kuma bai biya bashinsa duka a ƙarshen wata ba, kuɗin ruwa kashi 24 cikin 100 ne a shekara.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, albashina tsayayye ne, ba ya hawa ba ya sauka sai in na yi ƙarin aikin dare. Cefanen gida da man motar da nake zuwa asibiti da hidimar yara biyu duk a hannuna suke. Abin da ke jan hankalina shi ne, wannan kuɗi ko da kati ko babu kati zan kashe shi, to me zai sa in bar abin da za a mayar min? Abin da ke riƙe ni kuma, akwai watannin da kuɗin makaranta ke haɗuwa da gyaran mota, asusun ya yi ƙasa sosai kafin ƙarshen wata. Ina tsoron ranar da zan ga katin a jaka in ce bari in jingina da shi.

Wani abu kuma, motar ta tsufa, muna shirin sayen wata nan da 'yan watanni ta hanyar biya kashi-kashi. Neman katin zai taɓa wannan? Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani dalla-dalla.

Abu Yazid ya amsa:

Wa alaikumus salam Maman Sadiq. Aikin lissafin kuɗi nake yi, don haka bari mu sa alƙalami a kan tayin nan kafin komai.

Mu ɗauka abin da kike kashewa da kati a wata 1,000 ne, ko da wane irin kuɗi kike amfani. A ce 400 na cefane da mai ne, 600 na sauran abubuwa. Kashi 3 na 400 ya ba ki 12, kashi 1 na 600 ya ba ki 6. Kin samu 18 a wata ke nan, 216 a shekara. Kuɗin shekara bisa yadda kika faɗa 100 ne, saura 116. Yanzu ki kwatanta da katin da ba shi da kuɗin shekara kwata-kwata, wanda ke mayar da kashi 1.5 a kan kowace sayayya, irinsa bankuna da dama suna da shi: 15 a wata, 180 a shekara, kuma babu abin cirewa. Kin ga daga shekara ta biyu wannan kati mai ƙyalli ya koma baya. Duk armashinsa yana cikin shekarar farko ne.

Tukuicin shigar ma ki dube shi da kyau. Ana so ki kashe 4,000 a wata 3, ke kuma kin saba kashe 3,000. Akwai giɓin 1,000. In kina da wata babbar hidima da dole sai an yi ta a cikin watannin nan, kamar tayoyin mota ko inshora, kuma kuɗinta na ajiye, to ki biya ta da katin ki karɓi 200 ɗinki lafiya. In kuwa sai kin ƙirƙiro sayayya don ki cike giɓin, kin kashe 1,000 ne don a ba ki 200.

Sai babbar maganar, kuɗin ruwa. Kashi 24 a shekara kusan kashi 2 ne a wata. Idan kika bar bashin 1,000 ya tsallaka wata ɗaya, ruwansa 20 ne, ya riga ya cinye 18 ɗin da aka mayar miki har da ƙari. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba kuma, a yawancin katuna wa'adin nan da ake ba ka ka biya ba tare da ruwa ba yana aiki ne kawai in ka biya na baya duka. Da zarar kin bar saura, sabuwar sayayyar da za ki yi ma ruwa zai fara hawa kanta tun daga ranar da kika yi ta. A takardar lissafin wata za ki ga an rubuta mafi ƙarancin abin da za ki iya biya, ɗan ƙaramin kaso na bashin. Wannan adadin yana tsare ki daga tarar jinkiri ne kawai, ruwa kam yana nan yana taruwa.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da ake mayar miki yana fitowa ne daga kason da ake cire wa mai shago duk lokacin da kika biya da kati, da kuɗin shekara, da ruwan da waɗanda suka kasa biya duka suke biya. Shi ya sa a Tarayyar Turai, tun da aka kafa doka a 2015 ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke karɓa a kan katin bashi ga kashi 0.3 cikin 100, garaɓasar katunansu ba ta kai ta Amurka ba, inda kason ya fi haka nesa ba kusa ba.

Ki kuma yi la'akari da halin ɗan Adam. A 2001 wasu malamai biyu na jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani bincike da suka yi da gwanjon tikitin kallon ƙwallon kwando. Waɗanda aka ce su biya da katin bashi sun taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsabar kuɗi suka taya. Ke da katin cire kuɗi kika saba, ba tsaba ba, amma har yanzu kina ganin asusunki na raguwa nan take. Da katin bashi ba za ki gani ba sai ƙarshen wata. In kashe kuɗinki ya ƙaru da kashi 2 kacal saboda haka, ribar ta tafi.

Baffa Matafiyi ya amsa:

Lissafin Abu Yazid daidai ne, sai dai kada a tsorata ki gaba ɗaya, Hajiya. Na daɗe ina amfani da irin waɗannan katuna kuma ina jin daɗinsu. Dabarata ɗaya ce: na ba banki umarnin ya riƙa cire bashin duka daga asusuna kai tsaye a ranar biya, ba mafi ƙaranci ba, duka. Kuma ba na sayen abin da kuɗinsa ba ya cikin asusun a wannan ranar.

Amfanin da na fi gani ma bai shafi garaɓasa ba. In aka cire maka kuɗi bisa kuskure, ko ka sayi kaya ta intanet ba a kawo ba, kana ƙalubalantar cirewar alhali kuɗinka na cikin asusunka ba a taɓa ba. Da katin cire kuɗi kuwa, kuɗin ya riga ya fita, sai ka zauna jiran a dawo da shi. Haka in za ka kama ɗaki a otal ko ka ɗauki hayar mota, jinginar da suke riƙewa a kan iyakar bashin take, ba a kan kuɗin cefanenka ba.

Abu biyu zan ce ki bincika. Na farko, ba banki ne ke duba kwandonki ya ga cefane kika yi ba. Kowane shago yana da lamba mai alƙaluma 4 a tsarin Visa da Mastercard wadda ke nuna irin kasuwancinsa, kuma da ita ake yanke kason da za a ba ki. Babban kantin da ke sayar da komai da komai sau da yawa ba ya cikin rukunin cefane, sai ki ga kashi 1 aka ba ki. Na biyu, ki tabbatar tsabar kuɗi ake mayarwa ko maki. Maki darajarsa na hannun wanda ya ba da shi, yana iya rage ta duk lokacin da ya so. Kuma kada ki taɓa cire tsabar kuɗi da katin a na'urar ATM, akwai caji na musamman, ruwa kuma yana farawa a ranar.

Ummu Rumaisa ta amsa:

'Yar uwa, akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma a wurina shi ne kan gaba. Yarjejeniyar da za ki sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin biyan ruwa in kika yi jinkiri. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin ƙarin ruwa ba, ko da mai nema ya ƙudurta zai riƙa biya cikin wa'adin da babu ruwa. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda yake da buƙata ta gaske kuma ya tabbata ba zai yi jinkiri ba. To ke a bayaninki ban ga buƙata ba, garaɓasa ce ta ja ki, kuma da bakinki kin ce akwai watannin da asusu ke yin ƙasa. Ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa kafin ki cike fom. Ki kuma bincika, wasu bankunan Musulunci suna ba da kati da ƙayyadajjen caji babu ruwa, akwai kuma katunan cire kuɗi da ke mayar da ɗan wani kaso, ko da bai kai wannan ba. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Maman Sadiq ta sake rubutawa:

Amin, na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayan na karanta amsoshinku na buɗe cikakkun sharuɗɗan na bi su layi-layi. Tsabar kuɗi ake mayarwa, ba maki ba, wannan ya yi min. Amma kashi 3 ɗin yana da iyaka: a lissafin Malam Abu Yazid, a kan 250 na farko kawai ake ba da shi a wata, abin da ya haura sai kashi 1. Wannan bai fito a saƙon da suka turo min ba, kuma gaskiya ya ɓata min rai, don a kansa na gina duk tunanina. Na sake lissafi na ga 15 ne a wata, 180 a shekara, in an cire kuɗin shekara saura 80. Wata ɗaya mai kuɗin makaranta da na bar saura zai ɗebe rubu'in wannan.

Baffa, maganar kariya wajen sayayya ta intanet ta shige ni, don ina sayen kayan yara da takalman aiki ta nan. Ummu Rumaisa, maganarki ta tsaya min a rai, zan kai ta gaban malaminmu tare da takardar sharuɗɗan ya gani da idonsa. Saura tambayata ta mota, ba a amsa min ita ba.

Abu Yazid ya amsa:

Haka ne, ki yi haƙuri. A ƙasashen da ake ajiye tarihin bashin mutane, duk lokacin da kika nemi sabon kati bankin yana buɗe tarihinki ya duba, kuma wannan dubawar ana rubuta ta. A Amurka misali tana zama a rubuce shekara 2, tana kuma ɗan rage makin da ake auna cancantar mutum ga bashi da shi na tsawon shekara 1. A FICO, tsarin lissafa wannan maki da suke amfani da shi, sabon bashi kashi 10 ne na makin, biya a kan lokaci kashi 35, yawan bashin da ke kan mutum kashi 30. Raguwar ba ta da yawa, amma lokacinta ne matsalar: mai ba ki mota zai ga sabon asusun bashi da aka buɗe kwanan nan, in kuma kina cikin cika sharaɗin 4,000, zai ga katin ɗauke da bashi.

Shawarata, ki gama maganar mota tukuna. Bayan nan, in malaminku ya ba ki amsar da ta kwanta miki kuma har yanzu kina son kariyar da Baffa ya ambata, ki tambayi bankin ko suna da kati marar kuɗin shekara, ki nemi a sa miki iyakar bashi da ba ta wuce abin da kike kashewa a wata ɗaya ba, ki kuma kunna cire bashin duka kai tsaye tun ranar da katin ya iso hannunki.