Maki 52 a takardar asibiti: mu ƙara wata biyu a Riyad ko mu dawo da shi Makka?

Abu Sadik: Assalamu alaikum. Ƙanena ne, hatsarin mota ya taɓa masa laka a T4, wato gaɓar ƙashin baya ta huɗu daidai ƙirji, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya ji. Yana asibitin gashi a Riyad. Sun auna shi da wani awo wai shi SCIM ya samu 52, suka kuma ba shi wata takarda mai tambaya 26 ya cike. Inshora za ta ƙare ƙarshen wata. Mu biya daga aljihu a ƙara masa wata biyu, ko mu dawo da shi gida Shara Mansur a Makka? Me makin nan yake nufi?

Ummu Hanan: Allah ya tashi kafaɗarsa. Ku fara sayen katifar iska tukuna.

Malam Idi mai gashi: Awo biyu ne daban, Abu Sadik. SCIM abin da yake iya yi da kansa take aunawa, a kan 100: wanka, sa tufafi da cin abinci 20, numfashi da fitsari da bayan gida 40, motsi 40. Kada ka tsaya kan jimilla. Ka ce su nuna maka kowane kashi, da makinsa na watan jiya. In yana hawa a wajen tashi daga gado zuwa keke da sa robar fitsari da hannunsa, kuɗin ba asara ba ne. In ya tsaya cak, kwana kawai kuke biya. Mai tambaya 26 ɗin WHOQOL-BREF ce, yadda shi yake jin rayuwarsa a mako biyun da suka wuce. Ku fita daga ɗakin in zai cike, a gaban uwa kowa "alhamdulillahi" yake zaɓa.

Hajiya Binta nas: Ku rabu da maki. Akwai yaron da aka sallama da maki mai kyau, aka kai shi bene hawa na huɗu ba lif. Bai sake saukowa ba. Ba mai juya shi duk awa biyu da dare, ba mai duba ƙugunsa da dundunniya. Jan tabon da ba ya washewa in an danna, aka ce zafin gari ne. Ya fashe ya zama gyambo har ƙashi, aka koma tiyata, sannan kwanciya rub da ciki wata da watanni. Uwar ta sayar da gwal ɗinta kaf. Kuma ku da T4, ku sani duk raunin da ya kai gaɓar T6 ko sama da ita wajen wuya, kamar naku, mara in ta cika jini na iya hawa nan take: ciwon kai mai sara, gumi, fuska ta yi ja. A zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba roba ko ta toshe. Kada a kwantar.

Ɗan Hindawiyya: Matashin keke na iska riyal 300 ne a kantin kayan asibiti.

Hajiya Binta nas: Wannan balan-balan ce. Na gaske ya haura 1,500.

Ummu Hanan: 900 aka faɗa wa maƙwabtanmu.

Malam Idi mai gashi: Hajiya, takardar tambaya 26 ɗin da kike rainawa tana tambaya kan muhalli da abin hawa. Matsalar a gadon asibiti ake cike ta. A maimaita bayan wata uku a gida, nan gaskiya take fitowa. Ko matashin miliyan ne, sai ya riƙa ɗaga jiki duk minti 15 zuwa 30.

Hajiya Binta nas: Malam, ku awa ɗaya kuke gani a rana. Mu ke wanke gyambon.

Ɗan Hindawiyya: A ba ni takardar nan in cike ranar biyan haya, wallahi ko 10 ba zan samu ba 😂

Baba Tanko: Ku bar wasa. Gidajenmu na kan dutse ko mai ƙafa sai ya huta sau biyu kafin ya kai ƙofa. Keke ba ya shiga lungu, motar asibiti a titi take tsayawa. Ka ce za ka faɗaɗa ƙofar banɗaki, mai gida ya ce sai ka mayar yadda take ranar tashi.

Ummu Hanan: In ka samu gidan ƙasa kuma, da ya ga keke sai ya ƙara kuɗi.

Abu Sadik: Namu hawa na biyu ne, matakala 30 da wani abu daga titi. Malam Idi, kashi ukun nan a takardar sallama suke, ko sai na roƙi likita?

Baba Tanko: Wa yake da lambar dillalin da ba ya karɓar la'ada kafin a ga gida?