Digirin dakta kan ƙwaƙwalwa: abin da masu yi suka ba da shawara

A wata tattaunawa da ɗalibai da malamai suka yi kan digirin dakta a ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, batun zaɓen malamin da zai duba aiki ne ya cinye lokaci. Kusan baki ya zo ɗaya cewa halin malami ya fi sunan jami'a muhimmanci. A Amurka, inda karatun kan kai shekara 5 zuwa 6, sabon ɗalibi kan zaga ɗakunan bincike kamar uku a shekarar farko kafin ya tsaya a ɗaya. Aka ce a lokacin ne za ka keɓe ɗaliban malamin, ka tambaye su yadda yake yi idan gwaji ya ƙi, don wata shida na iya wucewa ba sakamako. A Ingila babu wannan sararin sosai, shekara 3 zuwa 4 ne, kuma galibi da batun bincikenka kake shiga.

Kan kuɗi magana gajera ce: kada ka karɓi gurbin da babu alawus.

An ɗan yi jayayya kan lissafi. Ni ina tare da masu cewa a koyi ƙididdiga da Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, tun kafin a tafi, domin bayanan da ake naɗowa daga ƙwayoyin jijiya sun fi ƙarfin lissafin hannu.

Wanda ke gida kuma bai taɓa riƙe kayan gwaji ba, an nuna masa horon TReND in Africa, ƙungiyar da ke horar da masu binciken kimiyya a Afirka, inda ake aiki da ƙudan 'ya'yan itace saboda arharsa, da cibiyar bincike da horo kan kimiyyar lafiya, BioRTC, ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu.