Ƙanena ya kuɓuta daga hannun masu garkuwa, amma har yau ba ya barci

Yayan Direba:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ƙanena direba ne. Bara da damina aka tare su a hanyar Birnin Gwari, ya yi makonni a daji kafin mu harhaɗa kuɗin fansa. Jiki ya murmure, amma hankalinsa bai kwanta ba. Da takalminsa yake kwana. Babur ya wuce ƙofar gida da dare, sai ya zabura ya laɓe bayan ƙyaure, gumi sharkaf. Tuƙi kuwa ya daina. Kwanan baya ƴarsa ta yar da murfin tukunya, ya daka mata tsawar da ba ta taɓa ji ba, sannan ya zauna yana kuka. Inna ta ce iska ce, an yi ruƙiyya, ya sha rubutu. Yanzu abokinsa ya fara sayo masa ƙwayar barci a kemis, kuma wannan ya fi komai tayar min da hankali. Yaya zan yi?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa'alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwa, abin da ka lissafa ya yi kama da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. Tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin jerin cututtuka, bayan halin da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka shiga. Ƙwaƙwalwarsa ce har yanzu take zaman ko-ta-kwana, ba ta yarda haɗarin ya wuce ba. Yawancin mutane abin kan lafa musu da kansa, amma in ya haura wata ɗaya yana hana mutum neman abinci, sai likita.

Duba kwalin ƙwayar nan. In diazepam ce, tana kama jiki, kuma ba ta maganin firgicin. Kada ka ƙwace masa rana ɗaya, yankewa farat ɗaya na da haɗari, likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, da wani a Kware, jihar Sakkwato. In kuma ya fara zancen gara mutuwa, ku tafi a ranar.

Ɗan Maiduguri:
Mu nan mun ga irin wannan sosai. Don Allah ku taka wa masu zuwa jaje burki. Kowa ya zo sai ya ce "me suka yi muku a dajin?", shi kuma ranar barci ya ƙaurace masa. In ya so magana da kansa, ku saurara kawai.

Yayan Direba:
Na gode ƙwarai. Matsalar, in na ambaci Barnawa zai ce na mai da shi mahaukaci, Inna ma ba za ta yarda ba.

Ɗan Maiduguri:
Ce masa likitan rashin barci za ku gani, ai ba ƙarya ka yi ba. Inna kuwa kada ka hana ta addu'arta, tuna mata hadisin nan cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. In da hali, malamin da ke yi masa ruƙiyya ne ya fi dacewa ya faɗa mata.