Dutsen ƙanƙara na Burlington yana tsattsagewa in na gasa shi

Salam. Ina koyon sassaƙa tsinin mashi da farin dutsen ƙanƙara na Burlington, wanda mutanen da can a yankin Mizuri ta Amurka suka yi kayan aiki da shi. Ɗanyensa tauri gare shi, ɓallin da nake cirewa daga jikinsa sai ya katse a tsakiya. Shi ya sa na binne dutsen cikin yashi, na hura wuta a kai, ya kwana, don ya yi sauƙin sassaƙawa. Ya yi ja-ja har da sheƙi, amma duk ya tsattsage, ƙananan faya-fayai sun ɓalle daga fuskarsa. Na rage masa kauri, na ƙara yashi, duk ɗaya. Abin ya ishe ni.

Don Allah, saurin ɗaukar zafi ne ke fasa shi, ko danshin da ke cikinsa?