Neman kalma: me za mu kira "restoration" na tsohon babur?

Mai Shirin Sana'a:
Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa. Ina neman agaji kafin daren Alhamis, don ranar Juma'a da safe za mu naɗi shirinmu na sana'o'in hannu a rediyo. Baƙon wannan makon wani magidanci ne da ya ɗauko babur ɗin mahaifinsa, ƙirar Honda CG125, wanda ya shekara da shekaru a jingine a zaure. A tsakar gidansa ya kwance shi gaba ɗaya, ya raba tanki da tsatsa, ya buɗe injin, ya bi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano yana neman kayan asali ɗaya bayan ɗaya, har launin fenti da rubutun jikin tanki ya mayar yadda suke. Shi "restoration" yake ta cewa. Na rubuta gyara, ya ce gyara shi ne abin da ake yi wa babur in ya mutu a hanya. Na rubuta sabuntawa, ya ce shi bai sabunta komai ba, tsohon ya dawo da shi. Kalmar za ta hau taken shiri, kuma zan yi ta maimaita ta, don haka ina son wadda ba za ta sarƙe harshe ba.

Dillalin Babura:
Mai da tsohuwa yarinya. Shi ke nan Hajiya, kowa ya san ta.

Ɗalibar Fassara:
Garambawul fa? Ko farfaɗowa: "farfaɗo da tsohon babur".

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ƴata, kada ki sa mai da tsohuwa yarinya. Maganar ƴan kasuwa ce: a fesa fenti, a ɗinka sabuwar rigar kujera, a goge salansa ta yi ƙyalli, a kai kasuwa. Abin da ke cikin injin kuwa sai wanda ya saya zai sani. In kika faɗi haka a rediyo kin zubar wa bawan Allahn nan da wahalarsa, masu sauraro za su ɗauka kwaskwarima ya yi.

Garambawul kuma tamu ce, amma ta injin ce. Ki saurari ƙarshen kalmar, bawul ne a ciki. In babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai mu sauke kan injin, mu zare silinda, mu duba fistin da ringi. In bangon silinda ya cinye, a kai a faɗaɗa ramin kaɗan, a sa fistin da ya ɗara na da da milimita 0.25 ko 0.50. A wasa bawul, kana murza shi tsakanin tafukanka da man wasawa har bakinsa ya zauna daram, ka zuba kananzir ka ga bai zurara ba. A sa sabon gaskit a ɗaure. Wannan shi ne garambawul. Kana iya yin duk wannan ka ɗora tankin wani babur, ka sa fitilar wani, ba wanda zai ce ba ka yi garambawul ba. Aikin mutumin nan ya wuce nan.

Malamin Nahawu:
Madalla da Baba, ya share mana hanya. Ma'anar da muke nema ita ce mayar da abu ga asalinsa, kuma Hausa tana da hanyar ƙirar aikatau daga suna: sabo, sabunta; baƙo, baƙunta; gajere, gajarta. To asali, asalta. Na asalta babur, ana asalta shi, asaltawa. Gajeriya ce, tana karɓar kowane lokaci, kuma gobe in an zo maganar tsohon gini ko tsohon littafi ita za mu ɗauka. Malama, ki sa "Asalta tsohon babur" a take.

Ɗalibar Fassara:
Allah gafarta Malam, in muka bi zamani, zamananta, ba asalanta ya kamata ba? Kunnena ya fi karɓar asalantawa.

Malamin Nahawu:
Duk biyun suna da madogara, amma gajeriyar ta fi. Asalta.

Mai CG:
Ni ma irin babur ɗin nake hawa, bari in sa baki. A 1975 Honda ta fito da CG125, kuma don ƙasashe irin namu ta ƙera shi, inda hanya ba kyau kuma ba kowa ke juye baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ya sa aka yi masa injin mai sandunan tura bawul, mai jure wahala. Na farko-farkon wutarsu volt 6 ce, da kwantak suke tashi, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don a ba fulogi wuta. Yau kamfanonin China da yawa sun kwaikwayi injin ɗin, don haka kaya sun cika kasuwa, kuma da yawansu suna hawa. Nan ne bambancin yake. In ka cire kwantak ka sa CDI, ɗan akwatin lantarkin da ke yin aikinsa, ka mai da wuta volt 12, babur zai fi saurin tashi, amma zamanantarwa ka yi. Mai "restoration" kwantak ɗin zai nema ya gyara tazararsa. Duk kalmar da za a zaɓa, ta raba waɗannan biyun.

Hausa Zalla:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ku duba rubutun da ke sama: fistin, ringi, silinda, gaskit, tanki, salansa, kwantak. Ina Hausar take? Mun zauna muna neman fassarar kalma ɗaya alhali jimlar gaba ɗaya Turanci ce da hular Hausa. Me ya hana a ce zobe maimakon ringi, ma'ajin mai maimakon tanki? Ita ma asali da Malam yake ƙira a kanta Balarabiya ce. In za a yi, a yi da gaske. Muna da maido, muna da raya, muna da tada.

Malamin Nahawu:
In asali ba Hausa ba ce, to lokaci ma ba Hausa ba ce, haka littafi, haka duniya, haka lafiya. Ka cire su ka gaishe ni mu gani. Kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin Bahaushe, ta karɓi jam'insa da nasabarsa, ta zama tasa. Muna cewa asalin magana, ɗan asali. Wa ya taɓa jin baƙunta a nan?

Hausa Zalla:
Ban ce a cire su ba. Na ce in muna da tamu, ita za a fara dubawa. Ku masu digiri kun fi son ƙirƙirar sabuwa don a ce wane ne ya ƙirƙiro.

Malamin Nahawu:
Wannan ba adalci ba ne. Majalisar Ɗinkin Duniya wani ne ya zauna ya ƙirƙiro, yau har tsohuwa a ƙauye ta san ta. Jirgi mai saukar ungulu ma haka. Da kowa ya ji tsoron a ce yana neman suna, da yanzu da Turanci ake karanta rabin labarai.

Ɗalibar Fassara:
Gaskiya ne Malam, amma na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an ƙirƙiro, kuma kwamfuta mutane suke cewa a kasuwa. Ba duk wadda aka ƙera ce take kama baki ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, amma ku tuna rediyo ba ta tsayawa a iyaka. Mu nan moto muke cewa, fulogi buji ne, fetur esansi. In kun ce ringi da kwantak, wani mai gyaran moto a Zinder ko Maraɗi sai ya yi tunani kafin ya gane. Kullum Kano ke yanke wa kowa hukunci, sai mu ji kalma a iska an gama da ita. Asalta ban taɓa ji ba, kuma in na ji ta a rediyo zan ɗauka kuskuren baki ne. Maido kuwa ko yaro ya sani, daga nan har Agadas.

Dillalin Babura:
To ai Kano ce kasuwar, dole a ji mu. Kuma Baba, ba duk dillali ne mayaudari ba.

Tsohon Bakanike:
Ban ce kai ba, Alhaji, kalmar na ce. Ɗan Damagaram kuma yana da gaskiya.

Mai cewa a kira ringi zobe, ɗana, ka je shagon kayan babur ka ce a ba ka zobe, ka dawo ka ba mu labari. Sunan da yaron shago ya sani shi ne sunan kayan. Ba raina Hausa muka yi ba, da ita muke koya wa yara aikin tun daga riƙe sufana.

Ƴata, tunda kin ce ya wanke tanki, ki tambaye shi wannan a shirin, don a tanki ake gane mai irin wannan aikin. Tankin da ya daɗe a ajiye, ragowar man ciki ya zama danƙo mai wari, gindinsa kuma tsatsa, saboda ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya. Za ka cire famfon mai, ka toshe ramin, ka zuba kananzir da noti-noti cikin tafi guda, ka yi ta girgizawa kana juya shi har hannu ya gaji. Abin da zai fito ja ne kamar ruwan kududdufi. Ka ƙirga notin da ka zuba, ka ƙirga wanda ya fito. Daga nan a jiƙa shi da ruwan tsami na binega ya kwana, a ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a busar da shi nan take a rana, don in ya jima da laima sabuwar tsatsa za ta hau kafin la'asar. Sai ka kai shi ɗaki mai duhu ka haska tocila a ciki. Duk inda haske ya ɓullo, huda ce. Kuma don Allah ki faɗa wa masu sauraro da babbar murya: kada kowa ya kai wutar walda kusa da tankin da bai wanku sarai ba. Tanki wofi ya fi cikakke haɗari, tururin man ne yake fashewa.

Duk wannan wahalar, da kuɗi kaɗan zai sayi sabon tanki na kwaikwayo ya ɗora. Bai yi ba, saboda tankin mahaifinsa yake so. In da ni ne a gareji, cewa zan yi ya dawo da shi yadda ya fito daga kamfani.

Mai Shirin Sana'a:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka ba ni rabin tambayoyin shirin. Amma "dawo da shi yadda ya fito daga kamfani" ta yi tsawo a take. Na gwada karanta asalta da ƙarfi, na kuma karanta wa mai haɗa mana sauti, sai ya ce me aka yi wa babur ɗin? Farfaɗowa kuma baƙon ya ce ta yi kusa, sai dai babur yana iya farfaɗowa da injin China.

Ɗalibar Fassara:
To a haɗa mana: maido da asali. "Maido da tsohon babur asalinsa." Maido ta Ɗan Damagaram da Hausa Zalla, asali ta Malam. Mai aikin kuma mai maido da asali.

Malamin Nahawu:
Wannan bayani ne, ba kalma ba. Gaɓa shida a inda uku za su isa. Kuma ya za ki ce "restored motorcycle"? Da tawa sai ki ce asaltaccen babur, an wuce wurin.

Mai CG:
Asaltacce kam ta yi daɗi, ban ƙi ta ba. Amma asalta har yanzu tana yi mini nauyi.

Hausa Zalla:
Babur ɗin da aka maido. Me ya yi zafi? Asalin dai da kun bar shi, amma tunda maido tana gaba, na yi shiru.

Ɗan Damagaram:
Maido da asali za a gane ta a nan. Sai dai Malama, in kin zo kan fulogi ki ce "ko buji" sau ɗaya, don mu ma mu san da mu ake.

Mai Shirin Sana'a:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan yi, don lokaci ya ƙure. Take: "Maido da tsohon babur asalinsa". A cikin shiri zan yi amfani da maido da asali, garambawul kuma in an zo kan injin kaɗai, kamar yadda Baba ya bambance. Buji da esansi za su shiga. Malam, zan faɗi asaltaccen babur sau ɗaya a ƙarshe tare da bayani, in masu kiran waya sun ɗauka, mako mai zuwa sai in ƙara.

Malamin Nahawu:
Sau ɗaya ba ya kafa kalma, Malama, kin sani. Amma shirinki ne. Ni dai a aji asaltawa zan ci gaba da koyarwa, kuma ina roƙon ki faɗe ta a tsakiyar hira, ba lokacin da kiɗan rufewa ya taso ba.

Tsohon Bakanike:
Ku dai ku sasanta. Ƴata, ki ƙara masa tambaya ɗaya: ya sa matatar mai tsakanin tanki da kafireta? In bai sa ba, ragowar tsatsar za ta toshe masa jet, ƴar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, ya sake kwance kafiretar da ya wanke.